Tsohon Akwatin Fis a Gidajen Tudun Wada: A Gyara Ko A Sake?

Na san waɗansu daga cikin malamaina da 'yan'uwana ɗalibai za su yi mamaki in sun ci karo da wannan kan magana a mujallar Sashen Hausa, su ce me ya haɗa mai nazarin waƙa da tatsuniya da sha'anin wayoyin lantarki. To, a yi mini haƙuri. Da mai nazarin nahawu da mai nazarin adabi duk a ƙarƙashin rufi suke kwana, kuma da yawa daga cikinmu a gidajen haya muke zaune, waɗansu a Samaru, waɗansu a Tudun Wada da Gyallesu, gidajen da aka ja wa waya tun kafin a haifi iyayen wasunmu. Ban da haka ma, harshen da muke nazari shi ya fara yi mana gargaɗi. Bahaushe bai ga dalilin raba suna tsakanin abin da ke cikin murhu da abin da ke cikin waya ba, duka biyu wuta ya kira su. In yara suka ce "An kawo wuta!" to murna ta samu, in manya suka ce "Wuta ta tashi!" sai salati. A yawancin tsofaffin gidajenmu, abin da ya shiga tsakanin waɗannan maganganu biyu bai wuce wani ɗan siririn zaren waya ba, wanda tsawonsa bai kai ɗan yatsa ba. Shi ake kira fis.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani al'amari da ya faru cikin hunturun bara a gidan da nake haya a Tudun Wada. Gida ne irin na da, ginin ƙasa da aka yi wa shafen siminti da rufin kwano, ɗakuna 9 kewaye da tsakar gida, kowane ɗaki da mai shi. A cikin zaure, sama da inda ake jingine kekuna, akwai wani allon katako da tsufa ya mayar baƙi, a jikinsa an kafa mita da katawut da wani akwati mai fis 4 na tangaram. Wata rana da asuba, daidai lokacin da kusan kowa ya tsoma hita a bokiti don ruwan wanka, sai muka ji wani wari kamar na kifi ya cika zaure. Da na kai hannu kusa da akwatin sai na ji zafi kamar murfin tukunya. Muka kashe babban makunni, gari na wayewa muka kira mai gyaran wuta. Da ya zare fis na farko ya nuna mana cikinsa, maimakon siririn zaren da ya kamata a gani, sai ga zaruruwan jan ƙarfe wajen 6 an tufke su wuri guda an ɗaura. A na biyu kuwa guntuwar wayar ɗaurin rodi ce irin ta magina. Tangaram ɗin ya tsage, katakon bayansa ya fara zama gawayi.

Mai gidan dattijo ne mai kirki, Baba muke kiransa. Da ya zo na ce masa, "Baba, wannan akwati ya gaji, ya kamata a sake shi da na zamani." Ya dube ni ya yi murmushi, ya ce, "Ɗana, wannan akwati ya girme ka, ya girmi mahaifinka ma wataƙila. Tun zamanin ECN yake nan, bai taɓa cin kowa ba. Da tsohuwar zuma ake magani. A gyara shi dai."

Maganar Baba ba shirme ba ce, kuma ba zan yi masa rashin adalci in ce rowa ce kawai ta sa ya faɗe ta ba. Lalle akwatin ya yi aikinsa shekaru da yawa. Abin da Baba bai lura da shi ba shi ne, gidan da aka yi wa akwatin ba shi ne gidan da muke ciki yau ba, ko da yake bangon nan dai shi ne.

Tudun Wada unguwa ce da ta kafu zamanin Turawa a wajen ganuwar birnin Zazzau, tsakanin Birni da Sabon Gari, ta zama mazaunin 'yan Arewa waɗanda aiki ko karatu ko fatauci ya kawo Zariya. Ga Kamfanin Gaskiya da aka kafa a 1945 a kusa, ga tsohon asibiti, ga harabar Kongo ta Jami'ar Ahmadu Bello. Hukumar lantarki ta ECN ta fara aiki a 1951, madatsar Kainji ta fara ba da wuta a 1968, sa'an nan a 1972 aka haɗa ECN da hukumar madatsun Neja aka samar da NEPA. A 2005 NEPA ta koma PHCN, a 2013 kuma aka fara miƙa rarraba wuta ga kamfanoni masu zaman kansu, ko da yake bakin jama'a ya ƙi sakin sunan NEPA har yau. Watau mai kawo wuta ya sake suna sau uku, amma allon katakon zauren Baba yana nan inda aka kafa shi.

A zamanin da aka kafa shi, me ake bukata a ɗaki? Ƙwan fitila guda mai wat 60, da rediyo, mai hali ya ƙara fanka. In an kunna fitilun ɗakuna 9 gaba ɗaya, wat 540 ke nan, wanda a kan ƙarfin wutarmu na bolt 230 bai kai ampiya 3 ba. Da kuɗin Udoji suka shiga hannun ma'aikata a 1975 sai aka shiga sayen firji da talabijin da dutsen guga na lantarki, tun daga nan kuwa kaya sai ƙaruwa suke yi. Yau hita guda mai wat 1,500 tana jan ampiya 6 da rabi ita kaɗai, watau ta ninka abin da fitilun gidan duka suke ja a da. In mutum 5 suka tsoma hita lokaci guda, abin ya haura ampiya 32. Ba a yi maganar murhun lantarki na ɗalibai ba tukuna, ko firizar matar da ke sayar da ƙanƙara da zoɓo, ko injin jan ruwa daga rijiya. An ɗora wa jaki kayan raƙumi, sa'an nan ana mamakin ya durƙushe.

A nan ya kamata a fahimci aikin fis, domin duk gardamar a kansa take, kuma na lura har masu ilmi cikinmu suna ɗaukarsa a matsayin abin da ke kawo cikas ga wuta. Duk wayar da wuta ke bi ta cikinta takan yi zafi, kuma zafin ba daidai da daidai yake hawa ba: in an ninka wutar sau 2, zafin yakan ninka sau 4, in an ninka ta sau 3, ya ninka sau 9. Kowace waya da iyakar abin da za ta iya ɗauka gwargwadon kaurinta. Wadda masu wayarin ke kira 1.5 ta fitilu ce, wadda suke kira 2.5 kuwa ta soket, tana ɗaukar wajen ampiya 20 zuwa 27 gwargwadon inda aka bi da ita. To, da gangan aka sa wani wuri guda a hanyar wutar ya zama mafi rauni, aka killace shi cikin tangaram wanda ba ya kamawa da wuta, domin in kaya sun yi yawa ya narke a can, ya katse hanya kafin wayar cikin bango ta yi zafin da zai narkar da robarta. Zaren ampiya 5 na fitilu, na 15 da na 30 na soket da manyan kaya. Wannan dabara tsohuwa ce, tun 1890 Thomas Edison ya yi rajistar irinta a Amurka. Saboda haka in fis ya ƙone, aikinsa ya yi. Saƙo ne yake bayarwa cewa ko dai kaya sun yi yawa, ko kuwa akwai inda wayoyi suka haɗu.

Mu kuwa me muke yi? Sai mu toshe bakin ɗan saƙon. Ina ganin kalmar "gyara" ita kanta ta taimaka wajen ruɗa mu. Ban da ma'anarta ta mayar da abu yadda yake, akwai gyaran kasuwa, wanda in an auna maka mudun gero sai a ƙara maka ɗan tafi. To, irin wannan gyara ake yi wa fis. Ya ƙone yau, a ɗaura zare 2. Ya ƙone jibi, a ƙara na uku. A kwana a tashi sai a sami wanda zai ɗaura abin da ba zai ƙone ba ko da gidan ya ƙone, a ce da shi sannu da ƙoƙari, ai tun da ya taɓa shi bai sake ba da wahala ba. Alhali kuwa wurin rauni bai ɓace ba, ƙaura kawai ya yi. Ya bar cikin tangaram inda ake ganinsa, ya koma can cikin silin, inda wani ya taɓa haɗa waya biyu ya naɗe da salatif shekaru 30 da suka wuce, tsakanin busassun katakai da sheƙar tsuntsaye da ƙurar hunturu. Can kuwa ba wanda zai ji warinsa sai hayaƙi ya riga ya cika ɗaki.

Masu ra'ayin a gyara kawai suna da hujjoji, kuma tilas a saurare su. Fis ba shi da wani abu mai motsi a cikinsa da zai cije ko ya yi tsatsa ya ƙi aiki. In dai zaren daidai ne, to tilas ya narke in lokacinsa ya yi. Gidaje masu ɗimbin yawa a Ingila, inda muka gaji tsarin wayarinmu da filogi mai ƙafa uku, sun yi shekaru aru-aru da irin wannan akwati. Sa'an nan ga halin rayuwa. Mutumin da ke lissafin abin da za a ɗora a murhu gobe, in ka ce masa ya sauke akwatin da ke aiki ya sayi sabo, zai ga kamar ba ka san inda ke masa ƙaiƙayi ba. Na yarda da wannan duka. Har ma zan ƙara musu da cewa tsohon fis mai zaren gaskiya ya fi sabuwar bireka ta jabu aminci nesa ba kusa ba.

Amma fa duk hujjar ta rataya a kan wannan sharaɗi na "in dai zaren daidai ne", kuma a nan ne take karyewa. Bayan abin da ya faru a gidanmu na zaga shagunan kayan wuta da dama ina tambayar zaren fis na ainihi, irin wanda ke zuwa a naɗe jikin ɗan kwali da lambar ampiyarsa. Wani yaron shago bai ma taɓa jin labarinsa ba, wani kuwa ya ce in fere guntuwar waya in zari zare ɗaya, ai haka kowa ke yi. Zaren da aka zaro haka, wa ya san ampiya nawa zai ɗauka? Ko da ma an sami na ainihin, a tuna lokacin da fis ke ƙonewa. Ba da rana tsaka ba ne lokacin da mai gyara ke shago. Da dare ne ko da asuba, ana cikin duhu, wuta ta zo bayan an daɗe ana jira, kowa na sauri ya yi guga ya yi cajin waya kafin a ɗauke. A wannan hali duk abin da hannu ya kai gare shi shi za a ɗaura, kuma wanda zai ɗaura ɗin sau da yawa wani yaro ne da aka ce yana da ƙarfin hali. Abin da ya dogara ga haƙurin mutum 9 da iyalansu kowane dare, ba za a kira shi kariya ba.

Bireka kuwa, wadda Hugo Stotz ya yi wa rajista a Jamus a 1924, in kaya sun yi yawa sai ta faɗi, a rage kaya a ɗaga ta. Ba a buɗe komai, ba a taɓa ƙarfe, ba kuma yadda za a yi mata gyaran kasuwa da tsakar dare. A ganina wannan shi ne babban fifikonta, ya fi duk wani bayani na injiniyoyi. Ta kuma fi saurin ji. Zaren fis irin na da yakan jure kusan ninki biyu na lambarsa kafin ya narke, watau na ampiya 15 yana iya barin kusan 30 su wuce na tsawon lokaci. Bireka ta gaskiya mai ampiya 20 kuwa, in wuta ta kai 29 za ta faɗi cikin sa'a guda, in kuwa wayoyi ne suka haɗu, nan take.

Akwai kuma wata al'ada tamu da masu ƙera akwatin ba su taɓa tunaninta ba, watau canjin layi. A gidan da aka jawo layi uku daga falwaya, in wannan ya ɗauke ko ya yi rauni sai a zare katawut a soka a na kusa da shi. Ana yin haka sau da yawa a mako, da hannu tsirara, wani lokaci da damina ana tsaye cikin laima, kuma ba tare da an kashe kayan gida ba. Kowane zarewa da sokawa yana ta da tartsatsi, yana cin bakin ƙarfen, yana sa shi sako-sako, wuri mai sako-sako kuwa shi ke yin zafi. An yi katawut ne don ya zauna wuri guda, kuma a ƙa'ida ma hurumin masu kawo wuta ne. Akwai makunni na musamman da ake murɗawa a zaɓi layi ba tare da an taɓa komai ba. Haka nan mai janareta ko inbata ta sola tilas ya sa makunnin canji na gaskiya, don kada wutar injinsa ta koma kan layi ta kama ma'aikacin da ya hau falwaya yana zaton an kashe.

Amma hujjar da ta fi kowace nauyi a wurina ita ce wadda ba a cika ambata ba. Fis, ko da na ainihi ne, waya yake karewa, ba mutum ba. Jikin ɗan Adam yana fara jin wuta tun tana kashi ɗaya cikin dubu na ampiya guda. In ta kai kamar kashi 10 zuwa 15, hannu yakan ƙanƙame ya kasa saki. In ta wuce kashi 30 cikin dubu ta bi ta ƙirji, tana iya rikita bugun zuciya. To, mafi ƙanƙantar fis a akwatin Baba na ampiya 5 ne, watau ya ninka wannan adadi fiye da sau 160. Ma'ana, yarinya za ta iya tsoma hannu a bokitin da ke da hita mai yoyo, ko ta dafa firji da jiƙaƙƙen hannu, wuta ta ja ta har rai ya fita, fis yana nan lafiya lau bai ko yi ɗumi ba. Bireka ta yau da kullum ma haka take. Abin da ke tsare rai wata na'ura ce dabam, bari in kira ta bireka mai jin yoyo. Ita kullum tana auna wutar da ta fita ta waya guda da wadda ta dawo ta ɗayar; in ta ga an sami giɓi, ta san wuta ta bi wata hanya, wataƙila ta jikin mutum, sai ta katse cikin ƙasa da sulusin daƙiƙa. Ana gane ta da rubutun 30mA a jikinta da wani ɗan maɓalli na gwaji. Binciken Charles Dalziel na Jami'ar Kalifoniya a kan yadda wuta ke yi wa jiki lahani yana cikin abin da ya haifar da irinta, kuma tun 2008 ƙa'idar wayarin ta Ingila ta wajabta ta a kan yawancin soket na gidaje. Wannan kuwa ba yadda za a yi gyara ya samar da ita a tsohon akwati. Sai an saya an sa.

Saboda haka ra'ayina shi ne a sake. Amma kada wani ya karanta wannan ya ruga kasuwa, domin akwai sakewar da ta fi rashin sakewa muni, kuma na ga irinta da idona a gidan wani abokina. An cire tsohon akwati an sa sabo fari tas, ana alfahari da shi, amma wayoyin cikin bango su ne na tun farko. Gidajen da aka yi wa wayarin kafin roba irin ta yanzu ta yaɗu a wajejen shekarun 1960, rigar wayarsu ta danƙo ce da zane, wadda in ta tsufa take bushewa, ka taɓa ta ta marmashe kamar busasshen ganye. Sa sabon akwati a kan irin wannan waya daidai yake da sa sabuwar riga ba a yi wanka ba. Da sabuwar birekar ta fara faɗuwa, wanda kuwa gaskiya take faɗi, sai aka kira wani ya cire ta ampiya 20 ya sa ta 63 a kan wayar 2.5. To, me ya raba wannan da wayar ɗaurin rodi? Sai ma dai ya fi haɗari, domin mai tsohon akwati aƙalla yana ɗar-ɗar da shi, mai sabo kuwa ya saki jiki.

Ga kuma matsalar jabu. Akwai bireka a kasuwa wadda a waje ba ta da maraba da ta gaskiya, amma a ciki makunni ne kawai, ba abin da zai sa ta faɗi. Akwai waya wadda aka rage mata kauri aka ƙara wa robarta, akwai kuma ta alminiyam da aka yi wa shafen jan ƙarfe. In ka kankare ta da wuƙa sai farin ya fito. Hukumar kula da ingancin kaya ta SON ta sha kama irin waɗannan, amma ba su ƙare ba. Araha ba ta ado, a nan kuwa ba ado ake magana ba.

Sai batun wayar ƙasa, wadda masu wayarin ke kira at. Ita ce ƙafa ta uku ta filogi, wadda ke haɗa jikin firji da dutsen guga da wani sandan ƙarfe da aka kafa cikin ƙasa, don in wuta ta yi yoyo ta sami hanyar wucewa ba ta jikin mutum ba. A tsofaffin gidaje da yawa ko dai ba a taɓa sa ta ba, ko tsatsa ta cinye ta, ko an tsinke ta lokacin da aka yi daɓen siminti. A ƙasarmu kuma inda ƙasa ke bushewa ƙamas watanni da yawa, sandan da aka kafa sama-sama ba ya aiki sosai da rani; sai an zurfafa shi, an kuma auna da na'ura. Kuma kada a yi zaton sabon akwati maganin kowace cuta ne. Wutar nan mai ƙarfi da kan zo ta ƙone talabijin da ƙwayaye a unguwa guda, yawanci saboda tsinkewar wayar dawowa a kan layi, har abin da ke shiga gida ya doshi bolt 400, ba fis ba bireka da ke tare ta. Wannan sai da na'urar da aka yi dominta.

Don haka tsarin da nake gani shi ne, a fara da dubawa kafin saye. A sami ƙwararre ya auna lafiyar wayoyi da ta at da na'ura, ba ya tsaya a ƙofa ya ce ai lafiya lau ba. Hukumar NEMSA, wadda dokar 2015 ta kafa, ita ke ba masu wannan sana'a takardar shaida, kuma ba laifi ba ne mai gida ya ce a nuna masa. Abin kunya ne a ce garin da ke da tsangayar injiniya ta Jami'ar Ahmadu Bello da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli, gidajensa suna hannun duk wanda ya mallaki tasta da filaya. In dubawa ta nuna wayoyi suna da sauran rai, a sake akwati, a raba layuka yadda kowane ɗaki ko biyu za su sami birekarsu daidai da kaurin wayarsu. In sun ruɓe, to wayar ce kan gaba, ko da ɗaki-ɗaki za a riƙa yi. Wanda kuwa ba shi da hali yau, ya mayar da zaren da ya dace, ya rage kaya, ya sani cewa jinya yake yi kafin a sami na asibiti.

Wa zai biya? A nan ne ake ta da jijiyar wuya. Mai gida yana cewa ba shi ya tsoma hita ba, ɗan haya yana cewa ba zai gyara gidan da zai bari baɗi ba, akwatin kuwa yana ta cin katako. Ni dai ina ganin nauyin na mai gida ne, kamar yadda rufi da rijiya suke nasa. Wanda ya karɓi kuɗin haya ya karɓi amanar rayukan da ke kwana a ɗakunansa, sa'an nan in gobara ta tashi dukiyarsa ce za ta fara tafiya, kafin ta tsallaka katanga zuwa maƙwabta. A lungunan Tudun Wada kuwa, inda gida ke jingine da gida kuma motar 'yan kwana-kwana ba ko'ina take iya shiga ba, akwatin zauren mutum ba sha'aninsa ne shi kaɗai ba. Amma mu 'yan haya ma ba mu fita ba. Ba daidai ba ne mutum ya shigo da murhun lantarki a ɓoye ya jona a soket ɗin da aka yi don rediyo, sa'an nan ya ce mai gida azzalumi ne. Ana iya yin yarjejeniya, 'yan haya su ba da wani abu a cire daga hayar gaba. Mu kuma na Sashen Hausa akwai ɗan abin da ya rataya a wuyanmu: duk rubutun da ke jikin waɗannan akwatuna da Turanci yake, alhali wadda ke gida da rana, wadda za ta fara jin wari, sau da yawa uwar gida ce ko tsohuwa. Rubuta "ɗakin tsakiya" da "babban makunni" a jikin akwati, da boko ko da ajami, bai fi ƙarfinmu ba.

A gidanmu dai Baba bai yarda nan take ba. Ya ce Allah ke tsarewa, na ce haka ne Baba, amma ai an ce tashi in taimake ka. Abin da ya karya masa gwiwa ba maganata ba ce, gawayin nan ne na bayan akwati, wanda mai gyara ya ɓanɓaro ya sa masa a tafin hannu. Aka fara da mayar da zare siriri, muka kuma tsara tsakaninmu kada a tsoma hita fiye da 2 lokaci guda, abin da ya jawo 'yar hayaniya kowace asuba har tsawon wata biyu. Da kuɗin haya suka shigo aka sa sabon akwati da bireka mai jin yoyo, aka kafa sabon sandan at kusa da rijiya. Ranar da aka gama, ana ɗaga ta sai ta faɗi. Aka sake ɗagawa ta sake faɗuwa. Baba ya ce, "To ɗana, ka ga abin naku na zamani." Mai gyara ya bi ɗaki-ɗaki yana cire kaya, har aka iso kan firizar mai ƙanƙara. Sai a nan matar ta ce ai ta fi shekara tana jin abin yana ɗan jan ta in ta dafa murfin, shi ya sa take hana yara zuwa wurin, ita kuma take sa silifas in za ta buɗe. Ɗakuna 2 na can ƙurya har yanzu tsohuwar waya ce a cikinsu, an ce sai bayan damina, kuma ɗaya daga cikinsu nawa ne.